Sikanin ya ce lafiya lau, ciwon mara bai bar ki ba

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, sannu da jiki. Kin ce sau uku kina yin sikanin ana cewa ba a ga komai ba, alhali duk wata ciwon mara na kwantar da ke har da amai, kina tambaya ko sikanin na iya nuna endometiriyosis, wato ciwon da nama mai kama da na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta. Yana iyawa, amma ya danganta da irin sikanin ɗin da kuma hannun da ya riƙe na'urar. Bari in ba ki nawa labarin.

Shekara 8 na yi ina fama. Ina budurwa aka ce in na yi aure zai tafi. Na yi auren, sai abin ya ƙaru, kwanciyar aure ma ta zama azaba. Maganin sanyi kuwa na sha har na gaji, na kemis da na gargajiya. Duk sikanin da na yi a lokacin na saman ciki ne: ki sha ruwa mafitsara ta cika, a shafa miki man nan, minti biyar an miƙo takarda. Wannan yana da amfaninsa wajen duba juna biyu ko babban ƙari, amma ciwon nan ba ya faye bayyana a cikinsa.

Wata likitar mata ce ta fahimtar da ni. Nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a waje, a kan ma'ajiyar ƙwai, bayan mahaifa, wani lokacin har jikin hanji. Duk al'ada yana kumbura, a hankali ya manne kayan ciki da juna. Ta tura ni sikanin da ake yi ta gaba, wanda sai kin yi fitsari tukuna. Kunya ta kusa hana ni, na roƙa mace ta yi mini.

Matar ta ɗauki kusan rabin awa. Ta ga ƙullutu mai santimita 4 a ma'ajiyar ƙwai ta hagu, cike da tsohon jini, wanda suke kira ƙullutun cakulan saboda kalarsa. Abin da ban taɓa gani an yi mini ba shi ne ta riƙa danna marata da ɗaya hannun tana kallon allo, tana duba ko mahaifa na zamewa a jikin hanji. Tawa ko motsi ba ta yi, ta manne. Duk inda ta taɓa na ji zafi sai ta rubuta. Ta ce in dawo bayan mako 6 zuwa 8, don ƙullutun da ke zuwa da fitar ƙwai yakan baje da kansa. Na koma, yana nan daram.

Sai dai ki riƙe wannan: akwai nau'in da ke ɗigo-ɗigo a fatar cikin mara, shi ko ƙwararre ba ya faye ganinsa a sikanin. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, ta fitar a 2022 ta ce rashin gani a hoto ba ya kore ciwon. A nan likita kan fara magani bisa alamomi, ko a leƙa ciki da kyamara ta cibiya. Kuma ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi.

Ki je wurin likitan mata, ya rubuta a takardar sikanin cewa wannan ciwon ake nema, don mai dubawa ya san inda zai bincika. Ba ki faɗa ko kina da aure ba. In budurwa ce ke, ki sanar da su tun farko, akwai hoton MRI, wanda wata babbar na'ura ke ɗauka. Kafin ranar ki riƙa rubuta kwanakin ciwon a littafi, da ko kina jin zafi wajen bayan gida lokacin al'ada. Tambayar da aka fara yi mini ke nan, na rasa amsa.