Kwantarol ya saɓa a inji biyu, a sake saiti?

Ɗan'uwa, ka ce kwantarol (samfurin da ake duba ingancin awon inji da shi) na kiriyatinin, wato gwajin aikin ƙoda, yana ba da lamba daban a injinanku biyu, ko a sake musu saiti? A'a, dakata tukuna. Ɗebi ruwan jinin marasa lafiya na ranar, kamar mutum 20, ka gwada a duka biyun. In sakamakon ya zo ɗaya, saɓanin daga kwantarol ɗin ne, ba daga injinan ba.

Kwantarol na hoda da ake jiƙawa busar da shi aka yi, ba lallai ya yi halin jinin mutum ba, balle in hanyar awon injinan ta bambanta, wani na Jaffe (mai amfani da sinadarin picric acid), wani na enzayim. Mun taɓa kwana uku a ɗakin gwajinmu na Sabon Gari muna zargin inji a banza. Amma fa duba takardar cikin kwalin ruwan saitin, ka tabbata asalin ma'auninsa ya kai ga IDMS, wato hanyar awo ta ƙoli da ake daidaita gwajin kiriyatinin da ita. In babu, kira dillalin.