Tankin na wari, kuɗin wuta na ƙaruwa: sabon injin iska ne mafita?

Tambaya: Salam Injiniya. Ina aiki a wata tsohuwar matatar ruwan ƙazanta ta gari, injinan da ke hura iska cikin tankunanmu sun haura shekara 20. Yanzu ruwan ya fara baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga kuɗin wuta da dizal sun ishe mu. Oga ya ce a sayo sabbin injina manya. Hakan zai yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ni dai ba daga injin zan fara ba. Ka san dukkan aikin nan bakteriya ne ke yinsa, su ke cinye ƙazantar, mu namu kawai mu ba su oksijin, dabarar da wasu masana biyu, Ardern da Lockett, suka fito da ita a Manchester ta Ingila tun 1914 kuma har yau ita ce dai. Warin ƙwan nan alama ce sun shaƙe. Amma shaƙewar ba lallai daga ƙarancin iska take ba, sau da yawa iskar na shiga, tana fita ne a banza.

Je ka tsaya bakin tankin ka kalli saman ruwan. In ka ga wani gefe na tafasa da manyan ƙwallaye kamar tukunyar tuwo, wani gefen kuma lum ba motsi, to matsalar na ƙasa, wajen difuza, wato kawunan da ke sakin iskar. Ko robar da ke kansu ta yage ko ta toshe ko yashi ya binne ta. Babban ƙwallon iska da gudu yake haurowa ya fashe, ruwa bai samu komai ba, su kuwa ƙananan masu kamar ƙwayar gero a hankali suke tasowa, oksijin ɗin da suke bari cikin ruwa ya kai ninki biyu ko fi. Shi ya sa tsofaffin matatu ke komawa faifan roba mai ƙananan huji, sai dai robar ba ta har abada ba ce, shekara 5 zuwa 10 an canza.

Kafin a kashe ko sisi ku samo mitar auna oksijin, ku auna safe, rana da dare a wurare daban-daban na tankin har sati biyu. Abin da ake nema wajen miligram 2 a lita. Kar ka yi mamaki ka tarar da tsakar dare ya wuce haka nesa saboda gari ya yi barci ƙazanta ta ragu amma injin na ta ruri yadda yake da rana, nan kuɗinku ke ƙonewa, don hura iska kaɗai kan cinye rabin wutar matata ko fiye. Maganinsa na'urar VFD mai rage wa injin gudu, a haɗa ta da mitar. Sai bayan wannan za a san girman injin da ya dace, kuma matsakaita guda uku sun fi ƙato ɗaya, ko ɗaya ya tsaya ba ku tsaya ba.

Abu biyu da 'yan kwangila ba su cika faɗa ba. Zafi: ruwa mai digiri 20 na riƙe oksijin kusan miligram 9 a lita, a digiri 30 kuwa wajen 7.5 ne, lissafin Turai ba zai zauna daidai a nan ba. Sai wuta da ƙura. Injin turbo na zamani akwai tsimin wuta amma shagwaɓaɓɓe ne, ba ya son ɗauke wuta barkatai, ƙurar hunturu kuma na toshe masa matacin iska. In wutarku ba tsayayya ba ce kuma ba mai gyaransa kusa, tsohon samfurin Roots da makanikenku ya sani ya fi muku kwanciyar hankali. Kuma ku gyara tanki ɗaya-ɗaya, a kwashe yashin ƙasa tas kafin a shimfiɗa sabbin bututu.