Tambaya da Amsa: Babban Harafi da "the" a Takardar Neman Karatu

Wata ɗaliba daga Marwa a ƙasar Kamaru ta rubuto hankalinta a tashe. Ta ci bakaloriya, wato jarrabawar gama sakandare ta tsarin Faransanci, tana neman gurbi a wata jami'a a Yola. Ta faɗa wa mai buga takardu bayaninta da Faransanci, ta biya jaka biyu ya mayar mata da Ingilishi, sai malaminta ya ja layi a ƙarƙashin "I studied the Mathematics, the Biology and french". Tana tambaya ko ta sake biya.

'Yata, kwantar da hankalinki, gyaran kaɗan ne. Faransanci ne ya yi tasiri. A can ana cewa "les mathématiques", kuma "français" ƙaramin harafi yake ɗauka. Ingilishi ba haka yake ba. Sunan darasi ba ya son "the", sunan harshe kuwa dole ya fara da babban harafi: French, Arabic, Hausa, Fulfulde. To, ki rubuta "I studied mathematics, biology and French". Sauran darussa ƙaramin harafi ne a tsakiyar jimla, sai in sunan wani kwas ne takamaimai, kamar "Biology 101". Ita "the" tana dawowa in an keɓe abu, kamar "the history of Cameroon".

Kada ki ƙara ko dala. Mai buga takardun ne ya ɓata, shi zai gyara. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Da yawan masu buga takardun nan tsohuwar takarda ce ajiye a kwamfutarsu, suna kawai suke sauyawa. Da idona na ga takardar wani yaro ɗauke da sunan makarantar da bai taɓa taka ƙofarta ba, uwarsa kuwa sai da ta sayar da akuya kafin a haɗa kuɗin takardunsa. Ku riƙa tsayawa a kansu, ku karanta layi-layi kafin a fitar da ita, ku kai wa malamin Ingilishi ya duba tun ba a biya ba.

Wani uba daga Garwa yana tambaya ko ya sayi littafin nahawun da ake shimfiɗawa a bakin kasuwa. Alhaji, a fara buɗe shi. In rubutun ya dusashe ko lambobin shafi suna tsallake, jabu ne, a bar musu. Gara tsoho na asali daga hannun ɗalibin da ya gama.

Wani saurayi daga Ngaundere kuma wai zai rubuta komai da manyan haruffa ya huta. Haba ɗana! Ƙa'ida biyu ce ka kasa riƙewa? Koma sama ka karanta amsar da na ba 'yar'uwarka.