Hali, Sabo da Murabus: Amsoshin Tambayoyinku

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto tana cewa: "Malam, mahaifiyata ta haura shekara 70. Ɗakinta cike yake da kwalla da kumbuna da adudu da atamfofin da ba ta ɗaura ba tun muna yara. In muka ce ta rage, sai ta ce hali zanen dutse. Shin karin maganar nan ta dace da wannan wuri?"

Hajiya, ba ta dace ba, amma kada ki faɗa wa Mama haka gatsau. Hali shi ne abin da ke cikin jinin mutum, kamar rowa ko kyauta, zafin rai ko sanyinsa. Shi Bahaushe ya kira zanen dutse, wanda ruwa ba ya wankewa. Abin da kuke gani a ɗakin Mama kuwa sabo ne, wato abin da mutum ya yi ta maimaitawa har ya zame masa jiki. Shi ma yana da tasa karin maganar: sabo turken wawa. Turke icen nan ne da ake kafawa a ɗaure doki ko akuya. Ki duba inda akuya ta daɗe a ɗaure, za ki ga ƙasa ta yi fes a kewaye iya tsawon igiya, ciyawa kuma ga ta can gaba kaɗan. Turke dai hannu ne ya kafa shi, hannu kuma yana iya tumɓuke shi.

Sai dai ina roƙon ku, ku daina kiran kayan nan tarkace ko komatsai a gabanta. A zamanin da aka yi wa Mama jere, kwanukan nan su ne asusun mace. Da kuɗin ƙuli-ƙuli da saƙa da adashi take tara su ɗaya bayan ɗaya, ranar da 'yarta za ta tare ta fito da su, ranar da gida ya shiga matsi ta sayar da wasu. Wadda ta rayu a haka, in an ce ta zubar, ji take kamar an ce wahalarta ba ta da daraja. Ku zauna ku tambaye ta kowanne wa ta ajiye wa. Sau da yawa akwai suna a ranta. In bikin jikarta ya zo, a bar ta ta buɗe adudun da kanta, ta miƙa da hannunta.

Wani tsohon ma'aikaci daga Gusau ya ce: "Mene ne bambancin ritaya da murabus?"

Ritaya aro ce daga Turanci, kuma doka ce ke kawo ta. A aikin gwamnati a Najeriya, galibi in mutum ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, sai ya ajiye, ya koma jiran fansho. Murabus ta girme ta, kuma a fagen sarauta da muƙami aka fi jin ta: mutum ya sauka alhali yana raye, a naɗa wani. A asalin ma'anarta akwai yardar mai sauka, ko da yake tarihi ya nuna wata murabus ɗin sunanta kawai murabus. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya yi murabus a 1963 ne bayan binciken da gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka yi kan kuɗin En'e ta Kano, wato hukumar mulkin gargajiya ta lokacin, daga nan ya koma Azare da zama.

Misalin da ya fi taɓa mini zuciya na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Bai sauka daga shugabancin jama'a ba, amma a 1812 ya raba tafiyar da mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, shi kuma ya duƙufa kan karantarwa da rubutu a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Malamai suna kiran irin wannan zuhudu, da Hausa gudun duniya. Alhaji, takardar ofis tana iya sallamar mutum ransa yana can bisa kujera. Na san dattawan da suka bar aiki da daɗewa, amma har yau suna jin zafi in an yanke magana a unguwa ba a neme su ba. Waɗannan sun yi ritaya, murabus ce ba su kai ga yi ba.

Daga Maraɗi wani dattijo ya tambaya ko "fid da rai" da "yanke ƙauna" abu ɗaya ne, domin ya gaji da jiran aike daga 'ya'yansa da ke birni.

Baba, Allah ya shirya su, haƙƙinka yana wuyansu. Kalmomin suna da kusanci, har wasu kan musanya su, amma nauyinsu ya bambanta. Fid da rai shi ne ka daina sa ran wani abu daga wani wuri. Yanke ƙauna ya fi tsanani, shi ne ka ga kamar alheri ya ƙare gaba ɗaya, kuma shi aka hana game da rahamar Allah a aya ta 53 cikin Suratuz Zumar. Kalmar da nake so ka riƙe ita ce dangana. Ana dangana sanda da bango, mutum kuma ya dangana lamarinsa ga Allah. Mai dangana yana kiran 'ya'yansa ya ji lafiyarsu, yana faɗa musu buƙatarsa a fili in ta taso, amma ba ya kwana yana ƙirga kwanakin wata. Zaman jiran da ba shi da tabbas shi ake wa habaici da "tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka".

Ta ƙarshe gajeriya ce: "Ina so in raba gonakina tun ina da rai, wasiyya ke nan?"

A'a, wannan kyauta ce, malaman fiƙihu suna ce mata hiba. Wasiyya sai bayan rai take aiki, ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka bai wa ya karɓa ta shiga hannunsa, mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. In ka ce ka ba da gona amma kai ke noma ta har ajali ya zo, cikin gado za ta koma. Ka yi adalci tsakanin 'ya'ya, ka kira shaidu, a rubuta, sannan ka je wurin alƙali ko malamin da ya san rabon gado ya duba takardar.