Idan Wuta Ta Ɗauke Ana Tsakiyar Aikin Ido da Leza

Wasiƙar farko ta wata baiwar Allah ce da aka sa wa ranar yi mata aikin ido da leza don ta huta da tabarau. Ta ce barci ya ƙaurace mata, kullum tambayarta ɗaya: "Idan wuta ta ɗauke injin yana kan idona, ba zan makance ba?"

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, kuma kin yi daidai da kika tambaya. Injin leza da wuta yake harba haske, da zarar ta yanke harbin ya tsaya, ba ya ci gaba da ƙona ido shi kaɗai. Asibitin da ya san aikinsa ma ba ya jona injin kai tsaye. Akwai na'urar batir a tsakani, wadda ake kira UPS, da ke karɓar aiki cikin ƙiftawar ido ta riƙe shi har a gama ko janareta ya tashi. Aikin kansa gajere ne. A irin wanda ake kira LASIK, hasken da ke gyara koniya, wato fatar gaban ido mai garai-garai, yawanci ba ya kai minti 1 a kowane ido. Injunan zamani suna lissafin duk harbin da suka yi, don haka likita yana iya ɗorawa daga inda aka tsaya.

Inda ya fi buƙatar kula shi ne matakin farko, lokacin da ake yanka siririn murfi a kan koniyar don a ɗaga shi. Idan yankan ya katse, wani lokaci a ƙarasa nan take, wani lokaci kuma likita ya kwantar da murfin ya sallame ki, a jira kamar wata 3 ya warke kafin a sake, ko a koma hanyar PRK wadda ba ta buƙatar murfi. Jinkiri ne da komawa tabarau na ɗan lokaci. Naki shi ne ki kwanta shiru, ki bi maganar likita, kada ki zabura ki kai hannu ido.

Sai wani matashi da ya ce ya samu wurin da ake yin aikin a rabin kuɗin sauran asibitoci, a duba mutum da safe a yi masa da rana. Yana neman in ce masa ya je.

Ɗana, ba zan ce ba. Ita waccan mai wasiƙar farko tana tsoron ɗaukewar wuta, kai kuwa abin da ya fi ɗaukewar wuta haɗari kake shirin kai idonka gare shi. Kaurin koniya bai fi rabin milimita da ɗan kaɗan ba, kuma abin da leza ta cire ba ya dawowa. Shi ya sa ake auna kaurinta, a ɗauki taswirar lanƙwasarta, a duba ko idon yana bushewa, a tabbatar mutum ya kai shekara 18 kuma lambar tabaraunsa ba ta canza ba aƙalla shekara 1. Mai koniya siririya, ko mai cutar keratokonas da ke sa ta yin tsini, idan aka yi masa LASIK ganinsa yana iya lalacewa fiye da da. Mai ciki ma ana ce mata ta dakata. Mai saka gilashin da ake liƙawa a ƙwayar ido sai ya ajiye shi kwanaki ko makonni kafin awo, in ba haka ba awon ya fito ba daidai ba. To ta yaya duk wannan zai shiga tsakanin safe da rana?

Araha ba ta ado, balle a ido. Ragin nan daga wani wuri ake cire shi: ko awon, ko gyaran injin, ko batirin da ya tsufa ba a canza ba, ko zuwa dubiya bayan aiki. Mutum zai yi mako yana binciken wayar da zai saya, amma idonsa sai ya miƙa saboda talla guda. Wannan yana ɓata min rai ƙwarai. Ka tambaye su kai tsaye: wa zai yi aikin, likitan ido ne mai lasisi? Injin yana da UPS, yaushe aka gwada ta? Idan aikin ya katse, ko ana buƙatar gyara daga baya, wa zai biya? Su kuma gaya maka batun bushewar ido da ganin zobe kewaye da fitila da dare, domin suna faruwa. Wanda ya ɓata fuska don ka yi tambaya, ɗauki takalminka ka fita.

Wani kuma yana tambaya ko ya sayi maganin ɗigawa da ya gani a Facebook, wai yana sa a jefar da tabarau ba tare da aiki ba. Malam, babu ruwan da ke canza siffar ido. Ajiye kuɗinka, kuma kada ka ɗiga abin da ba ka san me ke ciki ba.

Ga wadda ta tambaya ko LASIK zai cire wa mahaifinta yanar ido: a'a, 'yata. Ita yanar tana can ciki ne, a bayan koniya, aikinta daban ne, ana cire abin da ya yi hazo a sa na roba. Ki kai Baba likitan ido ya duba shi, a auna masa hawan jinin ido a lokaci guda.