Alhaji, kar ka biya kuɗin saba tukuna, abin da kake nema yana cikin kwamfutarka

Wani Alhaji mai shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari ya turo min tambaya. Yana da kwamfuta biyu, tsohuwa ta tebur a gida wadda uwargida ke shigar da lissafi a kanta da daddare, sai laftof da yake tafiya da ita shago ya dawo da ita. Ɗan ƙaninsa ne ya sa musu Linux Mint, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, duka biyun bayan Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Kullum da filash yake kwashe fayil daga wannan zuwa waccan, wani lokacin kuma ya tura wa kansa ta WhatsApp. Kwanaki filash ɗin ya faɗi a adaidaita sahu, a ciki akwai littafin bashi da lambobin kwastomomi da hotunan rasit. Yanzu wani mai gyara ya ce ya kawo kuɗi a haɗa masa saba a gida, wato kwamfuta ta musamman da ke ajiye fayiloli tana raba wa sauran, a ƙara da biyan wata-wata na ajiyar intanet. Tambayarsa: in biya, ko akwai wata hanya?

Alhaji, Allah ya mayar da alheri, ya sa wanda ya tsinci filash ɗin mai tsoron Allah ne. Amsata ita ce kar ka biya. Ba wai ina zargin mai gyaran da cuta ba ne, saba tana da amfaninta, amma ga mai ma'aikata goma da kowa ke taɓa fayil ɗaya a lokaci guda. Kai kwamfuta biyu gare ka a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma abin da zai haɗa su cikin tsaro kyauta ne a Linux, tun kafin a haifi ɗan ƙanin naka ake aiki da shi. Kuɗin nan akwai inda ya fi dacewa ka sa shi, zan zo kansa.

Abu na farko da nake so ya zauna maka shi ne, in kwamfutocin nan biyu suna jone da rauta ɗaya ko maifai ɗaya, fayil ɗin da zai tashi daga ɗaya zuwa ɗaya baya fita intanet sam. Daga laftof ya shiga rauta, daga rauta ya faɗa ta tebur, shikenan. Ko datar ka ta ƙare ƙaf zai wuce, muddin rautar na kunne. Kaga duk hotunan atamfar nan da kake ɗorawa a WhatsApp sannan ka sake saukewa a ɗaya kwamfutar, data kake biya sau biyu a kan tafiyar da ba ta wuce daga falo zuwa ɗaki ba, ga shi kuma WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau in ba a matsayin takarda ka tura shi ba, kuma kai ka fi ni sanin cewa a sana'arka kala da zane su ne cinikin. Maganar gaskiya saƙon WhatsApp a rufe yake tafiya, ba a hanya matsalar take ba, matsalar ita ce littafin bashinka ya koma zaune a cikin waya, wayar da yara ke ɗauka, wayar da ake fizgewa a kasuwa, sannan bayan wata ɗaya zaka ga kwafi bakwai na fayil ɗaya ba ka san wanne ne na ƙarshe ba.

Abin da zaka yi amfani da shi sunansa SSH. Wani ɗan ƙasar Finland, Tatu Ylönen, ya rubuta shi a 1995 bayan an kama ana satar kalmomin sirrin mutane a layin jami'arsu, domin a lokacin hanyoyin da ake bi irin su FTP da telnet a buɗe suke tura kalmar sirri, duk wanda ya kasa kunne a kan layin zai karanta ta. Na faɗi wannan ne saboda in wani ya ce zai sa maka FTP tsurarsa, ka ce a'a. SSH kuwa yana kulle komai kafin ya bar kwamfuta, ko da wani ya samu shiga wayfai ɗinka, shirme kawai zai gani. Nau'in da ke Linux ɗinka shi ne OpenSSH wanda ya fito a 1999, kuma da shi manyan kamfanoni ke shiga sabobinsu har yau.

Ka kira yaron ku zauna tare, kar ya yi shi kaɗai ya tafi. A kwamfutar tebur zai buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta sudo apt install openssh-server, sannan ya rubuta hostname -I don ya ga lambar da rauta ta ba ta, wani abu mai kama da 192.168.0.5. Sai a koma laftof, a buɗe manhajar foldoji, wadda a Mint ake kira Nemo, a wurin rubuta adireshi a sa sftp:// sai sunan da kake shiga da shi, sai alamar @, sai lambar nan. Karon farko zata tambaye ka ko ka yarda da wannan kwamfutar, ka ce eh, ta nemi kalmar sirri, daga nan foldojin kwamfutar gida zasu bayyana a laftof kamar filash ka jona. Ja fayil ka ajiye. A maƙala shi a gefe don gobe dannawa ɗaya ce. Wallahi aikin bai kai tsawon zaman shan shayi ba.

Abu biyu na iya ba ku ciwon kai. Rauta na canja lambar nan wani lokaci, musamman in an ɗauke wuta an dawo, to maimakon lamba a sa sunan kwamfutar a ƙara masa .local a ƙarshe, ko a shiga saitin rautar a kafe mata lamba ɗaya. Wasu maifai ɗin kuma suna zuwa da saitin da ke hana na'urorin da ke jone da su ganin juna, in komai daidai ne amma an ƙi haɗuwa, can za a duba a kashe shi.

Yanzu maganar tsaro, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Ƙofar da SSH ya buɗe ɗin nan a kwamfutar tebur, duk wanda ke kan wayfai ɗinka zai iya ƙwanƙwasa ta. Ka lissafa mutum nawa suka san kalmar sirrin wayfai ɗin gidanka, yaran maƙwabta, baƙin da suka zo suna, abokan ɗanka. In kalmar sirrin kwamfutar ita ce lambar wayarka ko sunan autarka da shekarar haihuwarta, to kofa ce da aka kara kawai ba a kulle ba. Maganin wannan shi ne mukulli. A laftof a rubuta ssh-keygen -t ed25519, zai ƙera abu biyu, ɗaya kamar kwaɗo ɗaya kamar ɗan mukulli, ya nemi ka sa wa ɗan mukullin kalmar sirri, ka sa, kar ka tsallake. Sai a yi amfani da ssh-copy-id a kai kwaɗon kan kwamfutar tebur, ɗan mukullin kuma ya zauna a laftof baya zuwa ko'ina, ba a tura wa kowa, har yaron da ya haɗa. Bayan an gwada an ga yana buɗewa, a shiga fayil ɗin /etc/ssh/sshd_config a mayar da PasswordAuthentication zuwa no, a sake tada SSH ɗin. Daga ranar ko mutum ya san kalmar sirrinka ba zai shiga ta layi ba sai da laftof ɗinka. A kunna katangar Mint ma, ufw, a bar ƙofa ta 22, wadda SSH ke bi, ga na'urorin cikin gida kaɗai. Kuma ina roƙonka, kar ka yarda kowa ya buɗe wannan ƙofa ta rauta zuwa waje wai don ka riƙa shiga daga shago, akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai zagaya intanet suna gwada ƙofa ta 22 ta duk wanda suka samu. Ranar da kuma laftof ta yi maka gargaɗin cewa shaidar kwamfutar tebur ta canja alhali ba a sake mata Linux ba, ka tsaya ka kira yaron, kar ka danna ci gaba.

In duk wannan ya yi maka yawa a yau, Mint na zuwa da wata manhaja Warpinator tun 2020, ka buɗe ta a kwamfutocin biyu su ga juna, ka tura, ɗayar ta karɓa. Ka dai shiga saitinta ka canja lambar rukunin da ta zo da ita zuwa taka, ka bar ta tana neman izini kafin ta karɓi fayil. Ta isa tura hoto da rasit.

Littafin bashi kuwa daban ne, domin kai kana rubutawa a shago, Hajiya na rubutawa a gida. Wata manhaja mai suna Syncthing ce ta dace da shi: a sa ta a duka biyun, kowace kwamfuta ta amince da lambar shaidar ɗayar, ka zaɓi folda ɗaya, da ka shigo gida laftof ta kama wayfai sai su daidaita da kansu, ba kamfanin da ke riƙe maka fayil, ba kuɗin wata. Sai dai ku yi yarjejeniya kai da ita, kar ku gyara fayil ɗaya a rana ɗaya kafin su haɗu, in kun yi haka zata ajiye kwafi biyu ku zauna kuna tantancewa. Mafi sauƙi, kai ka riƙe fayil ɗin cinikin rana, ita ta riƙe babban littafi. A kunna mata adana tsofaffin kwafi, yana cikin saitin foldar.

To ga inda kuɗin zai tafi. Haɗa kwamfuta biyu ba ajiya ba ne. In ka goge fayil bisa kuskure a laftof, Syncthing zata goge shi a ta tebur ita ma, biyayya take yi. Na ga wannan da idona a kaina da wata manhajar kwafi, rsync, wadda nake so ƙwarai domin abin da ya canja kawai take ɗauka. Wani dare na gaji, na juya umarnin, na sa folda marar komai a gaba mai kaya a baya, ga kuma --delete a jiki, kafin in ɗaga hannuna daga madannai lissafin wata uku na wani da ya ba ni amana ya tafi. Abin da ya cece mu wani tsohon faifai ne a durowa da na kwafa a kai makon da ya wuce, sauran kwana shidan da takardun rasit muka zauna muka sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya har asuba. Tun ranar bana taɓa rsync sai na fara sa --dry-run na ga abin da take shirin yi. Don haka ka sayi faifan ajiya na waje, irin wanda ake jonawa ta USB, in da hali guda biyu. Duk Juma'a a kwafi foldar kasuwanci a kai, a cire shi, ɗaya ya kwana a gida ɗaya a wani wuri daban, domin gobara ko ɓarawo ko wutar nefa mai ƙarfi ba sa zaɓar kwamfuta ɗaya su bar ɗaya. In kuɗi ya ragu, ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ga ta tebur, saboda ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu na lalata fayil. Kayan nan sau ɗaya zaka biya, ba kamar kuɗin wata ba da zai riƙa cin ribar yadi ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Faifan da laftof ɗin duka a kulle su. Manhajar Disks ta Mint na iya shirya faifan waje da kalmar sirri, amma tana share abin da ke kai, don haka tun yana sabo za a yi. Ita laftof, kulle faifanta gaba ɗaya a lokacin sa Linux ake zaɓarsa, in yaron bai yi ba to ya cancanci a kwashe kaya a sake sa mata, domin ita ce ke yawo a adaidaita kamar yadda filash ya yi. Ka tuna ba sirrinka kaɗai ke ciki ba, akwai sunan Hajiyar da ta ɗauki leshin biki bashi ba ta so kowa ya sani, akwai lambobin asusun dilolinka, mai damfara da ya samu wannan zai iya kiran mai bashinka ya ce Alhaji ya canja asusu, ya faɗi ainihin adadin kuɗin har ya yarda. Saboda haka tun yau ka sanar da manyan masu bashin da ke cikin filash ɗin da ya ɓace cewa asusunka bai canja ba, duk wanda ya kira su da sabo su neme ka baki da baki. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma ko babu doka amana ce.

Kalmar sirrin faifan kuma, in ta ɓace ba mai buɗe shi, ko wanda ya ƙera kwamfutar. Ka rubuta ta a takarda da hannunka, ka sa a ambulan, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida da na shago, Hajiya ta san wurin. Addini ya umarce mu da rubuta bashi, kuma rai na hannun Allah, bai kamata magada su tsaya a gaban kwamfuta a kulle ba su san wa ke binka wa kake bi ba.

Mai gyaran nan kuma ba sai kun ɓata ba. Ka ce masa sabar ta jira, in yana so ya zo ya ja maka kebul daga rauta zuwa kwamfutar tebur, ya fi wayfai sauri da tabbas, ka biya shi ladan aikinsa. Juma'ar farko da aka yi kwafi, ka sa Hajiya ta jona faifan a ɗaya kwamfutar, ta sa kalmar sirri da kanta, ta buɗe littafin bashin ta karanta maka layin ƙarshe, ka duba ko ya yi daidai da abin da ka rubuta a shago ranar Alhamis.