Hawan LDH a jini da batun sankarar hanji

Ɗan'uwa daga Tawa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka tambaya ko hawan LDH, wani sinadari da ke cikin ƙwayoyin jiki, a gwajin jininsa yana nufin sankarar hanji.

Gaskiya ne naman sankara yana sauya aikin inzayim, wato sinadaran da ke gaggauta ayyukan ƙwayoyin jiki, domin yana cinye sukari fiye da kima ko da iskar oksijin ta wadata, kamar yadda Otto Warburg na Jamus ya lura a shekarun 1920, kuma LDH inzayim ne da ke cikin wannan aiki. Sai dai ciwon hanta da zazzaɓin cizon sauro ma suna ɗaga shi, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne.

A ganina ku kai shi Yamai a leƙa hanjin da na'ura, a ɗebi tsoka a bincika.